Tambayoyinku: Ina Fayil ɗin Ƙwararren da Gwamnati ta Ɗauko Daga Waje?

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan mutanen da gwamnati ke ɗaukowa daga waje su yi mata aiki na ɗan lokaci, injiniya ne, likita, lauya, malamin jami'a ko mai ba gwamna shawara, da takardun da ake ajiyewa a kansu. Amsoshin sun bi tsarin gwamnatin tarayyar Najeriya. Jihohi suna da nasu dokokin kwangila, sai dai yawancinsu a kan na tarayya aka ɗora su.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na yi wa wata ma'aikatar tarayya aikin duba rijiyoyin burtsatse shekara 3 da suka wuce. Yanzu ina neman wani aiki, an ce in kawo shaidar wancan. Na je ofishin rajista na ma'aikatar, aka duba aka ce ba ni da fayil. Ta yaya mutum zai yi wa gwamnati aiki, a biya shi, sannan a ce babu sunansa? (Wani injiniya, Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Injiniya. Mai yiwuwa gaskiya aka gaya maka. Ofishin da ka je fayil ɗin ma'aikata yake ajiyewa, kai kuwa da alama ba a matsayin ma'aikaci aka ɗauke ka ba.

Ta ƙofa uku mutumin waje ke shiga aikin gwamnati, kuma ƙofar da ya bi ita ke nuna inda takardunsa za su zauna. Akwai wanda aka ɗauka aikin kwantiragi: yana da muƙami da matakin albashi, yana zuwa ofis kullum, amma na wa'adi ne. Shi ma'aikaci ne, sashen kula da ma'aikata ke buɗe masa fayil biyu, na fili da na sirri, da katin tarihin aiki da ake kira Gen 60. Akwai wanda aka sayi ƙwarewarsa a ƙarƙashin Dokar Bayar da Kwangilolin Gwamnati ta 2007. A idon doka wannan ɗan kwangila ne, ko da bai taɓa ɗaga bulo ba, kuma takardunsa suna sashen kwangiloli da sashen kuɗi. Na uku shi ne mai muƙamin siyasa, za mu zo kansa a ƙasa.

Kai a rukuni na biyu kake, kuma abin da ke rikita mutane shi ne ba da sunan mutum ake buɗe fayil ɗin ba, da sunan aikin ne. In ka ce wa akawu ya duba sunanka ba zai samu ba. In ka ba shi sunan aikin, lambar da ke saman takardar ba ka aiki, da watan da aka ba ka, zai samu. Sashe na 16 na dokar ya wajabta wa kowace ma'aikata ta ajiye bayanan kwangila, a takarda da kuma a kwamfuta, har shekara 10 daga ranar da aka ba da aikin. Naka bai kai rabin wannan wa'adi ba.

Rubuta wa babban sakataren ma'aikatar, ta hannun daraktan sashen kwangiloli, kana neman takardar shaidar kammala aiki. Haɗa kwafin takardar ba ka aiki, shafin yarjejeniya mai sa hannu, da bayanan asusunka na banki inda kuɗin ya shigo. Ka yi kwafi biyu, a buga wa naka hatimin karɓa da kwanan wata. In sashen kwangiloli ya ce fayil ya ɓata, nufi sashen kuɗi, domin ba a biyan kuɗi sai da bauca, wato takardar izinin biya, kuma a bayan baucar ake liƙa kwafin yarjejeniya da shaidar cewa an yi aikin. Odita ba ya barin bauca ta tafi tsirara, shi ya sa takardun sashen kuɗi suka fi daɗewa.

Abu ɗaya ne zai iya ɓata wannan lissafi. In ta hannun wani kamfani ka shiga, to kamfanin ne ke da yarjejeniya da gwamnati, sunanka bai wuce cikin jerin ma'aikatan da ya gabatar ba. Shaidarka daga kamfanin za ta fito, ma'aikatar kuma iyakarta ta tabbatar cewa kamfanin ya yi aikin.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar rajista ce a wata hukumar jiha. An ɗauko ƙwararru 6 za su yi mana aikin shekara ɗaya, darakta ya ce in buɗe musu fayil. Babu wanda ya taɓa nuna mini abin da ake sawa a irin wannan. Ku taimaka. (Wata ma'aikaciya, Dutse)

Amsa: Malama, kin yi daidai da kika tambaya kafin ki fara, domin yawancin rigimar da ke tashi bayan shekara biyu ko uku a makon farko ake shuka ta.

Kowane mutum da nasa fayil, kada ki haɗa su shida a bango ɗaya. A bangon ki rubuta lambar fayil, sunansa, sunan aikin, ranar farawa da ranar ƙarewa. Ki ba su jerin lamba daban da na ma'aikatan dindindin, don kada wata rana a tsinci sunansu a jerin ma'aikatan da ake kai wa ofishin albashi.

Takardar farko a ciki ba ta mutumin ba ce, ta hukuma ce: amincewar wanda doka ta ba ikon amincewa, shugaban hukuma ne ko kwamitin bayar da kwangila, da kuma inda kuɗin zai fito a kasafi. Wannan ita ce takardar da aka fi rasawa, kuma ita odita ke fara tambaya. Bayanta sai takardar da ta fayyace aikin: me zai yi, me zai miƙa, yaushe, wa zai duba. Sai shaidar yadda aka zaɓo shi, wato tallar da aka yi ko wasiƙun gayyata, sunayen waɗanda aka gwada shi da su, da makin da kwamiti ya ba kowa. Sannan takardar ba shi aiki, wasiƙarsa ta karɓa, da yarjejeniya mai sa hannun ɓangarorin biyu da shaidu, da kwanan wata a kowane sa hannu.

Daga ɓangarensa ki karɓi tarihin karatu da aiki, kwafin takardun shaidar karatu bayan kin ga na asali da idonki kin rubuta haka a jikin kwafin, da lasisin sana'a na wannan shekarar. Injiniya ya kawo na hukumar injiniyoyi ta COREN, likita na hukumar likitoci ta MDCN. Lasisin da ya ƙare tamkar babu ne, kuma rahoton da mai irin wannan lasisi ya sa wa hannu ana iya ƙalubalantarsa. Sai lambar haraji ta TIN da shaidar biyan haraji ta shekara 3. In malamin jami'a ne ko ma'aikacin wata ma'aikata, sai ya kawo izinin wurin aikinsa a rubuce. Ayyukan da Bankin Duniya ke ba da kuɗinsu, irin su ACReSAL da AGILE, suna da tsauri a kan ɗaukar ma'aikacin gwamnati, kuma kuɗin da aka biya ba bisa ƙa'idarsu ba ana iya cewa jiha ta mayar.

Akwai takardu biyu da ake rainawa. Ɗaya ita ce wadda mutum zai bayyana ko yana da hannu a kamfanin da zai iya cin moriyar shawararsa, ko ɗan'uwa a cikin masu ba da aikin. Ɗayar kuma alkawarin riƙe sirri, tunda zai ga takardun da ba kowa ke gani ba. A sa hannu a kansu kafin ya fara, ba bayan magana ta fito ba.

Da ya kama aiki, shugaban sashen da yake ciki ya rubuto ranar da ya fara. Daga nan duk abin da ya biyo baya ya shiga bi da bi: takardar ƙidayar ranakun aiki in da rana ake biyansa, wasiƙar miƙa kowane rahoto da hatimin karɓa, ra'ayin wanda ya duba rahoton, da kwafin kowace bauca. Ki riƙa sa wa kowane shafi lamba da biro a kusurwar sama ta dama, a ranar da ya shigo. In aka zare shafi na 23, giɓin da ke tsakanin 22 da 24 shi zai tona. Kada fayil ya bar teburinki sai an rubuta a littafin fita wanda ya ɗauka da ranar.

Lambar NIN, BVN, lambar asusun banki da sakamakon gwajin lafiya ba na fayil ɗin da masinja ke yawo da shi ofis-ofis ba ne. Ki sa su a na sirri, a kabad mai makulli. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta shafi ofisoshin gwamnati, ta ce a karɓi iya abin da ake buƙata kawai, kuma in bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, cikin sa'o'i 72 za a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne ƙarin wa'adi. Shekara ta cika, aiki bai ƙare ba, darakta ya ce wa mutum a baki ya ci gaba. Ya yi wata huɗu, ya kawo takardar neman biya, akanta ya ce yarjejeniya ta mutu tun tuni. Daga nan sai a fara neman wanda zai rubuta wasiƙa da tsohon kwanan wata, wannan kuwa laifi ne, kuma sau da yawa ma'aikacin rajista ake turawa ya cusa ta a fayil. Kada ki yarda. Ki buɗe ƙaramin littafi mai sunayen mutum shidan da ranar ƙarewar kowa, ki fito da fayil ki kai wa darakta wata biyu kafin ranar, da rubutu a kai cewa a sabunta ko a rufe. In rufewa za a yi, shafukan ƙarshe su ne bayanin miƙa aiki, jerin kayan da ya mayar (katin shaida, kwamfuta, mota, makullai), da takardar kammala aiki.

Tambaya: Na miƙa rahoton ƙarshe ga wata hukumar tarayya tun watannin baya, har yau shiru. Na ce a duba sunana a IPPIS, aka yi mini dariya. Kuma biyan farko da aka yi mini bai cika ba. (Wani masanin noma, Gusau)

Amsa: Malam, IPPIS da aka fara a 2007 tsarin albashin ma'aikata ne. Kuɗinka ba albashi ba ne, ta bauca yake fita daga asusun bai ɗaya na gwamnati zuwa asusunka, saboda haka ba a can za ka nemi kanka ba.

Kafin akanta ya rubuta bauca sai abu huɗu sun haɗu a fayil: yarjejeniyar da ba ta ƙare ba, takardarka ta neman biya, rahoton, da rubutacciyar shaidar sashen da ya ba ka aikin cewa ya karɓa ya gamsu. Na huɗun ne ke maƙalewa. Rahoto yana kan teburin wani, bai ce ya yi ba, bai ce bai yi ba. Tambayi lambar fayil da teburin da yake kai yanzu, sannan ka rubuta tunatarwa zuwa ga wannan ofishin. Wani abin da ke dawo da biya shi ne saɓanin suna: yarjejeniya da sunanka, asusun banki da sunan kamfaninka, ko TIN da wani rubutun sunan daban. Sashe na 37 na dokar 2007 ya ce kuɗin da ya wuce kwana 60 bayan an miƙa takardun biya an kuma tantance su, jinkirtaccen biya ne, kuma ana bin sa ƙarin da aka rubuta a yarjejeniya. Ka ambaci wannan sashe a wasiƙarka.

Ragin da ka gani haraji ne da ake cirewa tun daga tushe. A ƙa'idar da ta fara aiki a Janairun 2025, kashi 5 cikin 100 ne ga mazaunin Najeriya a kan kuɗin shawara da aikin ƙwararru. Duba kuma ko jimillar da ke yarjejeniyarka ta haɗa da harajin VAT na kashi 7.5, domin shi ma hukumar ce ke cirewa. Abin da aka cire maka ba ɓacewa ya yi ba. Nemi rasidinsa daga sashen kuɗi, da shi za a rage maka harajin shekara a hukumar harajin jiharka. Mutane da yawa ba sa karɓa, sai su biya sau biyu.

Tambaya: An sanar da sunana a rediyo cikin masu ba gwamna shawara na musamman. 'Yan'uwa sun ce in fara zuwa ofis. Me ya kamata in fara yi? (Wani Alhaji, bai faɗi gari ba)

Amsa: Allah ya taya riƙo, Alhaji. Sanarwar rediyo ba takardar naɗi ba ce. Fara karɓar takardarka daga ofishin Sakataren Gwamnatin Jiha, can ne fayil ɗin masu muƙaman siyasa ke zama, ka kuma karanta sunan muƙamin da kyau. Mai ba da shawara na musamman muƙami ne da kundin tsarin mulkin 1999 ya ambata, a sashe na 196 ga gwamna, na 151 ga shugaban ƙasa. Majalisa ce ke ƙayyade yawansu da abin da za a biya su, kamar yadda Majalisar Dattawa ta amince wa Shugaba Tinubu da mutum 20 a Yunin 2023. Mataimaki na musamman da babban mataimaki na musamman ba sa cikin wannan sashe, kuma haƙƙoƙinsu ba ɗaya ba ne da naka.

Sashe na 196 ya ce ba za ka fara aiki ba sai ka bayyana kadarorinka da basussukanka, ka kuma yi rantsuwar biyayya da ta kama aiki. Fom ɗin na Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ne, CCB, kuma ya haɗa da kadarorin 'ya'yanka marasa aure da ba su kai shekara 18 ba. Rubuta komai: gona, fili, shanu, hannun jari, asusun da ka daɗe ba ka taɓa ba. Karɓi takardar shaidar miƙawa, ka kai kwafi fayil ɗinka, ka riƙe ta asali a gida. Za ka sake cikewa in ka sauka, kuma a nan ne mutane ke sakaci, alhali fom na farko da na ƙarshe ake ajiyewa gefe da gefe a gwada. Kotun Ɗa'ar Ma'aikata tana da ikon raba mutum da muƙami, hana shi riƙe wani har shekara 10, da ƙwace kadara.

In muƙaminka na cikakken lokaci ne, ba za ka ci gaba da tafiyar da kasuwancinka da kanka ba, noma kaɗai aka yarje. Kuma ranar da gwamna ya sauka kai ma ka sauka, ko an rubuto maka ko ba a rubuto ba. Kafin wannan ranar ka tabbatar fayil ɗinka yana da ranar kama aiki, takardun albashi da bayanin miƙa aiki, domin sabuwar gwamnati da abin da ta tarar a rubuce kawai za ta yi lissafin haƙƙinka.

Tambaya: Ranku ya daɗe, na yi ritaya, aka dawo da ni aikin kwantiragi na shekara 2. Za a ƙara waɗannan shekarun a lissafin fanshona? (Wani dattijo, Azare)

Amsa: A'a, Baba. Tsohon fayil ɗinka an rufe shi ranar da ka cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a aiki. A ƙa'idojin aikin gwamnati, kwantiragi aiki ne na wa'adi wanda ba ya ɗauke da fansho. Abin da za ka samu a ƙarshensa shi ne abin da aka rubuta a takardar ɗaukarka, in an ambaci garatuti akwai, in ba a ambata ba babu. Ka duba yanzu, tun kana ciki.

Tambaya: Mun ji an ce Elon Musk kwana 130 kawai doka ta ba shi a gwamnatin Amurka. Wane irin tsari ne wannan? (Wani ɗalibi, Sakkwato)

Amsa: A dokar Amurka akwai rukunin da ake kira ma'aikacin gwamnati na musamman: wanda aka ɗauka bisa tsammanin ba zai wuce kwana 130 yana aiki ba a cikin kwana 365. A wannan matsayi Musk ya yi aiki a 2025, ya bar shi a ƙarshen Mayu. Yawancin masu wannan matsayi ƙwararru ne da ke zama a kwamitocin ba da shawara. Ana sassauta musu wasu dokokin da ke kan cikakken ma'aikaci, amma dokar hana mutum sa hannu a lamarin da yake da moriyar kuɗi a ciki tana kansu, kuma da yawansu suna cike fom na bayyana dukiya. Hukumar da ta ɗauke su ce ke ƙirga ranakun, ko awa biyu mutum ya yi a rana an ƙirga ta ɗaya. A ganinmu wannan ƙidayar abin koyi ce, domin ita ke hana aikin wucin gadi rikiɗewa ya zama kujerar dindindin ba tare da kowa ya amince ba.

Tambaya: Ƙungiyarmu tana son sanin ƙwararrun da wata ma'aikata ta ɗauka bara da nawa aka biya su. An ce mana wannan sirrin ma'aikata ne. Haka ne? (Wata 'yar jarida, Kaduna)

Amsa: Rabin gaskiya ne, Hajiya, kuma da wannan rabin ake korar mutane. Sashe na 14 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ya kare fayil ɗin ma'aikata da na waɗanda aka naɗa, saboda haka adireshin gida, lafiya da asusun banki ba za a ba ki ba, kuma bai kamata a ba ki ba. Amma sashe na 2 na wannan dokar ya ce hukuma ta wallafa sunayen ma'aikatanta, muƙamansu, albashinsu da ranar ɗaukarsu, da jerin rahotannin da 'yan kwangila masu zaman kansu suka rubuta mata. Dokar kwangila ta 2007 ita ma ta ce bayanan kwangilar da ba na sirrin ƙasa ba a buɗe suke ga jama'a, iyaka a biya kuɗin kwafi. Kuɗin jama'a aka biya, jama'a na da haƙƙin sanin wanda ya karɓa da abin da ya yi.

Yadda kika tsara wasiƙar shi ne rabin aikin. In kika ce a ba ki fayil ɗin wane, kin miƙa musu hujjar ƙi da hannunki. Ki ce kina neman jerin ayyukan ƙwararru da aka bayar daga Janairu zuwa Disamban bara, da sunan wanda aka ba, ranar bayarwa, wa'adi, jimillar kuɗi, abin da aka biya zuwa yau, hanyar da aka bi aka zaɓe shi, da kwafin rahoton ƙarshe. Ki ƙara layi ɗaya cewa a rufe duk bayanin da ya shafi rayuwar mutum a ba ki sauran. Ba sai kin faɗi dalilinki ba, doka ba ta nema ba.

Suna da kwana 7 su amsa, suna iya ƙara wasu 7 in takardun na da yawa, amma sai sun sanar da ke a rubuce. In sun ƙi, dole su faɗi sashen da suka dogara da shi. Shiru har wa'adi ya wuce ƙi ne a idon doka, kuma daga nan kina da kwana 30 ki kai ƙara babbar kotu. Wanda aka samu da laifin hana bayani ba bisa ƙa'ida ba tararsa naira 500,000 ce, wanda ya lalata ko ya sauya takarda da gangan kuma ɗaurin aƙalla shekara ɗaya. In ma'aikatar ta jiha ce aka ce miki dokar ta tarayya ce, a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a wata shari'a da ta taso daga jihar Edo, cewa dokar ta shafi jihohi. Kwana 7 ɗin daga ranar da wasiƙarki ta shiga hannunsu ake ƙirgawa, don haka ki kai da hannu, a buga miki hatimi da kwanan wata a kwafinki, wanda ya karɓa ya rubuta sunansa a ƙasa.